Shekarar da Na Yaye Injuna

Ranar sunan jikana, ɗan Bashiru, ina zaune a zaure ana ta shige da fice, na ji shi Bashirun da bakinsa yana gaya wa wani baƙo abokin aikinsa cewa wai babansu ma'aikacin kwamfuta ne a da, amma da zamani ya zo sai inji ya kore shi daga aiki. Da tausayi ya faɗa, har da girgiza kai. Wallahi ba don idon jama'a ba da na jefe shi da takalmi. Inji ya kore ni? Ni? Na haɗiye maganar saboda ranar farin ciki ce, amma ta tsaya mini a wuya. Daga baya na ga laifin ba nasa ba ne. Lokacin da abin ya faru ku 'ya'yana duk kuna makaranta, abin da kuka tsinta a bakin mutanen gari shi kuka riƙe. To waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ba wanda ya kore ni. Da hannuna na buɗe ƙofa na fita, kuma da za a maido ni wannan shekara, ta wannan ƙofa zan sake fita.

Kun san ƙungiyar lafiyar da na yi wa aiki, mai ƙananan asibitoci a Jabo da Sanyinna da Fakku da cikin Kebbe, ofishinta kuma a Tambuwal. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ke cikin ɗakin nan na ƙarshen barandar ofis, wanda ban taɓa barinku kun shiga ba. Manyan kwamfutoci ne guda huɗu, waɗanda ake ce wa saba, a jere cikin kabad na ƙarfe. Duk mai cikin da aka yi wa awo a Fakku, duk jinin da aka gwada a Jabo, duk maganin da ya rage a Sanyinna, bayaninsa yana cikinsu. Malamar asibiti za ta danna sunan mara lafiya a can ƙauye, amsa ta fito mata daga ɗakina. A cikin kowace saba kuma akwai wasu ƙananan kwamfutoci marasa jiki, ba ka ganinsu sai a allo, kowace da aikinta: ta ɗakin haihuwa daban, ta magunguna daban, ta albashi daban. Ana iya ɗauke irin wannan kwamfuta daga wata saba a mayar da ita wata tana cikin aiki, mai amfani da ita bai ma sani ba, yadda mahaifiyarku ke ɗauke jariri daga wannan gado zuwa wancan bai farka ba.

Matsalarmu ɗaya ce, wuta. Wutar gari sai ta ga dama take zuwa, man janareto kuwa sai an jira shi daga Sakkwato, saboda haka da sola da batura muke rayuwa. Baturan ba sa iya ɗaukar saba huɗu da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Saba biyu kuma ba sa iya ɗaukar aiki idan asibitoci suka cika. To aikina ke nan: in aiki ya yi sauƙi in kwashe ƙananan kwamfutocin in tara su a saba biyu, in kashe biyu su huta, batir ya samu sarari. Kafin jama'a su taru kuma in tashe su, in raba musu kaya daidai. Saba ba fitila ba ce da za ka danna ta kama nan take, tana ɗaukar lokaci kafin ta wartsake, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In ka makara aiki ya cushe, in ka yi gaggawa batir ya ƙare kafin gari ya waye. Ido ɗaya a allo, ido ɗaya a sama ina duban hadari, haka na yi shekara da shekaru. Ran Juma'a a sahun baya nake tsayawa, kusa da ƙofa. Bikin 'yan'uwa sai dai in aika. Mahaifiyarku Kulu ta sa wa sabobin suna jinjirai. In na shigo gida sai ta ce:

"Sannu da reno, Malam. Jinjirai sun yi kwana?"

Ni kuwa, kada in yi muku ƙarya, ina son aikin nan kamar me. A ofis Injiniya ake ce mini, ko da yake takardata ba ta kai nan ba. In na yi atishawa a Tambuwal sai an ji a Fakku. Mutum yana jin daɗin a ce ba a iya yi sai da shi.

A farkon shekarar da nake ba ku labari Allah ya yi wa Yaya Garba rasuwa a Kebbe. Mu biyu ne maza a wurin Inna Ige, kakarku, shi ne kuma yake zaune da ita a gidan gado. Na hau babur na samu jana'iza, muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da ni a tsakiya, tunda ni ne zan karɓi gaisuwa har kwana uku kamar yadda aka saba. Ko la'asar ba a yi ba waya ta yi ƙara a aljihuna. Wanda na bar wa ɗakin ya bar saba huɗu a kunne tun safe, batura sun zube, komai ya mutu. Asibitoci huɗu sun tsaya cik, a Fakku kuma ga mace ta haihu jini ya ɓalle mata, ana neman masu irin jininta a kira su, sunayensu kuwa suna cikin injin da ya mutu. Na miƙe na sa takalmi. Kawu Altine, ƙanin Inna, ya ɗago kai ya dube ni.

"Nomau, ina za ka? Ƙasar kabarin ɗan'uwanka ko bushewa ba ta yi ba."

Nomau shi ne sunan da ake kirana da shi a gida, don da damina aka haife ni. Na yi masa bayani a tsaitsaye, ya mai da kansa ga carbinsa. Na tafi, na tada injuna, matar nan ta rayu, ɗanta yanzu ya isa kiwon awaki. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba. Amma Kebbe ba ta san da wata mata a Fakku ba. Abin da ta sani shi ne ɗan Ige ya tashi daga tabarmar makokin wansa tun ranar farko, masu gaisuwa suka yi ta zuwa suna tarar da gurbinsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da na koma sadakar arba'in, Inna ta sa aka kira ni ɗakinta. Lokacin idonta ya riga ya tafi, sai dai ta ji motsinka ta juyo. Ta laluba ta kama hannuna.

"Nomau, ban ce ka yi laifi ba. An gaya min rai ne ka ceta, Allah shi yi ma albarka. Amma abu guda nika roƙo gare ka. Ɗiyana maza biyu ne, guda ya tafi. Ran da tawa ta zo, in ka tashi bisa tabarma, wa za a iske? Kwana ukku dai nika so, ba wata ukku ba. Ka zamna min. Ka yi min alkawali."

Na ce in sha Allahu.

"Wagga in sha Allahu taka ta ma'aikata ce," in ji ta. "Na san ta."

Ta yi dariya, ni ma na yi, na fito daga ɗakin. Gaskiyarta ce. Muddin injunan nan a hannuna suke kwana suke tashi, ba ni da bakin yi wa kowa alkawarin zaman kwana uku, ko da uwata ce.

Ana gab da faɗuwar damina babban ofishinmu na Sakkwato ya turo wata injiniya mai suna Asma'u. Yarinya ce sa'ar yayarku Hadiza, ga ladabi, ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Baba. Ta zo da wata manhaja da za a ɗora wa sabobin. Wai ita manhajar za ta riƙa duba nauyin aikin da ke kan kowace saba da abin da ya rage a batir, ta kwashe ƙananan kwamfutoci daga wadda kaya suka yi wa yawa zuwa wadda take da sarari, ta kwantar da wadda ba a buƙata, ta tashe ta in buƙata ta zo, duk da kanta. A taƙaice dai, aikina. Na ce to madalla, na koma gefe na harɗe hannu, ina cewa a raina mu ga yadda za a yi.

Aka kuwa gani. Ranar kasuwar Jabo, da sassafe manhaja ta ga shiru, ta kwantar da saba biyu, ta ga ta yi dabara. Hantsi na dubawa motoci da babura suka fara sauke mata a ƙofar asibiti, malamai suka hau danna sunaye gaba ɗaya, komai ya cushe. Sai a lokacin gwanar ta farga ta fara tashin na kwance, kafin su wartsake layi ya kai bakin titi, waya sai ƙara take yi. Na ture kujera na karɓi abina da hannu. Bayan 'yan kwanaki kuma aka yi ruwan shuka da asuba. Manhaja ta duba ta ga safiyar aiki ce, ta tada saba huɗu reras suna jiran jama'a. Wace jama'a? Kowa yana gona, mai ciki ma in tana iya sunkuyawa tana bayan mijinta tana zuba iri. Ga gari a lumshe, sola ba ta kawo komai, aka sha batir a banza. Ranar har waƙa na yi a kan babur ina komawa gida.

Washegari Asma'u ta jawo benci ta zauna kusa da ni.

"Baba, ranar nan tun kafin kowa ya zo na ga kana kallon agogo. Ya aka yi ka san za a cika?"

Na ce mata ai ba duba ba ne. Macen ƙauye ba ta zuwa asibiti ranar da ciwo ya kama ta, sai ranar da ta samu abin hawa. Ranar kasuwa maigida zai ɗauko ta a babur ya sauke ta wurin awo, ya wuce ya sai da hatsinsa, ya biyo ya ɗauke ta. Makiyaya ma ranar da suka kawo nono da dabbobi ranar suke kawo marasa lafiyarsu. Kowane asibiti kasuwar garinsa yake bi, kasuwannin kuma ba rana ɗaya suke ci ba. Ta jinjina kai, sannan ta faɗi maganar da har gobe nake ganin girmanta saboda ita.

"Baba, ana iya koya mata duk wannan. Amma ni ban san shi ba, a kanka yake. Kuma ba zan ɓoye maka ba: in ta koya, daga Sakkwato za a riƙa duba ɗakin nan, kujerarka ba za ta daɗe ba. In ba ka so, zan koma in ce musu manhajar ba ta dace da nan ba, kuma ban yi ƙarya ba, don in babu kai ba ta dace ba. Zaɓi naka ne."

Kun ji fa. Ba wanda ya yaudare ni, ba wanda ya zagaya ta bayana. Yarinya ta ɗora mini wuƙa da nama a hannu.

Da magariba na kai wa mahaifiyarku maganar, tana kwashe tuwo. Na yi ta kawo hujja: mutum da sana'arsa ake ganin girmansa, saura 'yan shekaru in yi ritaya da mutuncina, me zai sa in haƙa ramin da za a binne kujerata? Ta bar ni na gama tsaf.

"Wane girma, Malam? Girman da ba ka cin tuwo da zafinai? Ni dai ɗiya bakwai na haifa, kuma ba wanda ban yaye ba. Ɗan da anka ƙi yayewa ba ƙaunarshi aka yi ba, uwar ce ba ta son a ce an daina bukatarta."

Na ce mata ta iya bakinta, inji ba ɗa ba ne.

"To ba ɗa ba ne. Ran da kai ka kwanta fa? Kai ba ka ciwo? Ba ka mutuwa? Wa ka tashe su rannan? Matan Fakku su jira a yi maka sadakar ukku?"

Na ajiye lomar da ke hannuna. Haushi ya kama ni, don ba abin da ya kai a gaya maka gaskiya kana cin abinci ciwo. Shekara nawa ina taƙama asibiti huɗu sun rataya a wuyana, ban taɓa tsayawa na ga cewa wuyan mutum ɗaya ba wurin rataye ran jama'a ba ne. Ga kuma Inna can tana jiran amsar da ta fi in sha Allahun ma'aikata. Da safe na riga Asma'u zuwa ofis. Tana shigowa na ce mata ta buɗe kwamfutarta, karatu za mu fara.

Damina guda muka yi muna wannan karatu, ni in faɗa, ita ta mayar da shi yaren da manhaja ke ji. Na ba ta ranakun kasuwa gari gari, da ranakun awo da na rigakafi. Na gaya mata in ruwa ya zauna zazzaɓin yara yakan cika asibiti, in an shiga girbi kuma a yi shiru kamar an share. Na gaya mata wace hanya ce ruwa ke yankewa har mutanen wani yanki su kasa fitowa. Muka tsara in batir ya yi ƙasa wa zai fara kwanciya: na ce ƙaramar kwamfutar albashi ta fara, rahoton ofis ya bi ta, ta ɗakin haihuwa da ta jini kuwa ko da saba ɗaya ce ta rage a duniya, a kanta za su zauna. Da muka zo kan azumi ta ce za ta sa kwanan wata, na ce a'a 'yata, azumi da Sallah sai an ga wata, manhajarki kuwa ba ta da idon duban sama. Sai ta yi wasu maɓallai biyu a allo, ɗaya an rubuta an ga wata, ɗaya an yi ruwan shuka, wanda kowace malamar asibiti za ta iya dannawa daga inda take. Har yau suna nan, in kun je ku tambaya.

Kada kuma ku ɗauka ni kaɗai ne malami. Wata rana ta nuna mini a allo cewa shekara da shekaru saba ta farko nake jibga wa kaya, ta huɗu kuwa tana zaman kashe wando, shi ya sa ta farkon take yawan zafi. Na ce ƙarya ne. Ta sake nuna mini. Ashe don ita ce ta fi tsufa na fi yarda da ita, ina ta cutar baiwar Allah da sunan ƙauna. Manhaja kuwa ba ta da 'yar gaban goshi, awo take yi ta raba daidai, kuma tana yi a lokacin da ni ina barci ko ina sallah. Na yi kwana biyu ina ɗaure fuska, sannan na haƙura.

Da kaka ta gabato Asma'u ta ce saura gwaji ɗaya: in tafi in bar ɗakin mako guda, kada in taɓa komai. Kulu ta ce ai haka ake yaye, ba a yinsa uwa na tsaye a kai, sai dai wannan karon uwar za a kai gidan kaka. Ta haɗa mini kaya na tafi Kebbe. Ina isa Inna ta ce in ba ta wayar ta ji nauyinta. Na miƙa mata, sai ta ƙulle ta a bakin zanenta ta zauna a kai.

"Ta zama tawa sai ran da za ka koma."

Kai, na ga tashin hankali a makon nan! In zauna, in tashi, in fita ƙofar gida in dubi gabas ko hadari ya taso. Manhajar takan turo saƙo duk lokacin da ta tada saba ko ta kwantar, to duk sanda wayar ta yi ƙyat a ƙarƙashin Inna sai in zabura.

"Zamna," in ji ta. "In kuka ne na gaske, kira za su yi. Wanga ƙyat ɗin guna-guni ne."

Ba a kira ba. Da na koma Tambuwal na tarar an ci kasuwa huɗu, an yi kwana biyu ana hadari, ba asibitin da ya tsaya ko na minti ɗaya, batura kuma sun fi yadda nake barinsu cika. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina kallon saba biyu suna aiki, biyu suna barcinsu. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, ban san wanda ya fi yawa ba. Asma'u ta ce, "Baba, ai kai ne a ciki." Na ce ta rufe mini baki kada ta sa ni kuka a gaban inji.

Abin da ta faɗa tun farko bai daɗe ba ya tabbata. Shugabanmu ya kira ni ya ce in zaɓa, ko tebur a ofishin Sakkwato ko in ajiye aiki kafin lokacina. Ya yi mini maganar cikin mutunci, ba zan zalunce shi ba. Na ce me zan yi da tebur a Sakkwato, ni da nake neman hanyar Kebbe? Na miƙa makulli, na miƙa babur ɗin ofis, na hau kabu-kabu na dawo gida. Kuma kada wani ya ce muku abin bai yi tsada ba. Abin da nake kawowa gida ya ragu, ku da kuke makaranta kun ji a jikinku ko da ba a gaya muku dalili ba, mahaifiyarku ta koma saƙar huluna don a cike giɓi, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba. Masu ce mini Injiniya suka koma Malam Usman. Wayar da ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba ta koma yini guda shiru. Watannin farko in hantsi ya yi sai in ji hannuna yana neman abin dannawa. Wannan ne mutanen gari suka gani suka ce inji ya kore ni.

Abin da ba su gani ba yana Kebbe. Muka rufe gidan Tambuwal, ni da Kulu muka koma gidan gado. Na karɓi gonar Yaya Garba, ni da ban riƙe fartanya ba tun ina saurayi. Ranar farko hannuna ya yi bororo ya fashe, Inna ta shafa ta ji, ta yi dariya har da tari.

"Sai yau sunanka ya same ka, Nomau. Da can aro anka ba ka."

Damina biyu na samu tare da ita. Da safe ni nake kai mata koko, in jawo ta zuwa inuwar darbejiya, in zauna tana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun ban san kaina ba, wa ya haifi wa, wace gona ce ta wa, wace rijiya ce kakanmu ya haƙa. Ashe uwata mai ban dariya ce haka, ban sani ba. Na kai shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa zama da ita yini guda cur ba sai a lokacin. Wata rana da la'asar, ba ta tambaye ni ba, na ce mata Inna, maganar nan ta kwana uku, na yi alkawari. Ta ce ai ta daɗe da karɓa, tun ranar da ta zauna a kan wayata ban ƙwace ba.

Ta rasu da safe, bayan ta sha kokonta, kanta a kan cinyar Kulu, hannunta a nawa. Muka kai ta, muka dawo, aka shimfiɗa tabarmi a wurin da aka shimfiɗa na Yaya. Na tuɓe takalmana na ajiye a gefe na zauna. Kawu Altine, ya tsufa tukuf a lokacin, yana dama da ni.

Rana ta biyu ta faɗo ranar kasuwar Kebbe, ga hadari ya haɗo tun safe, irin ranar da a da ko an ɗaure ni sai na tsinke igiya. Asma'u ba ta taɓa cire lambata daga masu samun saƙon manhaja ba, wai don girmamawa. Ana cikin gaisuwa, kafin hantsi, wayar ta yi ƙyat a aljihuna. Na ciro na duba: saba ta uku ta tashi. Jim kaɗan: ta huɗu ta tashi. Daidai lokacin da da ni ne zan tashe su, tun motocin kasuwa ba su iso ba. Kawu Altine ya ga waya a hannuna. Ya dubi takalmana, ya dube ni.

"Kiranka anka yi, Nomau?"

Na ce, "A'a, Kawu. Sun tashi da kansu."

Na kashe wayar na miƙa masa, ya jefa a aljihun rigarsa. Aka yi ruwa ranar kamar da bakin ƙwarya, muka ja tabarmi cikin zaure muka ci gaba da karɓar gaisuwa. Mutanen Fakku sun zo, na Jabo sun zo, na Sanyinna sun zo, kowa ya zo ya same ni a inda aka ce zai same ni.

To Bashiru, kai da 'yan'uwanka, in an sake tambayarku me ya raba babanku da aiki, ga abin da za ku faɗa, ba sai kun girgiza kai ba. Ranar uku, da aka shafa addu'a jama'a suka fara watsewa, Kawu Altine ya ciro wayata ya ba ni. Sannan ya dogara sandarsa ya shiga cikin gida, ni ina biye da shi, ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna. Ba kowa a ciki sai gadonta da buta. Ya ɗaga labule ya leƙa, ya ce:

"Yaya Ige, ya zamna."